Sandar da Ta Dace da Hannun Mai Koyon Ganga

A rubuce, suna ɗaya Hausa ta ba mai kiɗa da icen da yake kiɗan da shi. Makaɗi mutum ne, makaɗi kuma shi ne lanƙwasasshen icen nan da ake buga kalangu ko ganga da shi. Karin sauti ne ya raba su a baki, sai kuma jam'i, inda mutanen suke zama makaɗa, itatuwan su zama makaɗai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu kalangu ya san ba sa wasa da wannan ice, domin kowa ya san nauyin nasa da lanƙwasarsa, kuma idan aka miƙa masa na wani, hannunsa ne zai fara gaya masa kafin kunnensa. Yaron da ya tashi a gidan kiɗa yana samun wannan sani a gado. Matashin da ya fara koyon gangar zamani a Kaduna, wadda ake kira dram set, ba shi da wannan gata. Abin da yake tararwa shi ne kwali cike da miƙaƙƙun sanduna a shagon kayan kiɗa, an rubuta musu 7A da 5A da 5B da 2B, mai shago kuma ya zuba masa ido yana jiran ya nuna wadda yake so.

Irin waɗannan matasa suna da yawa a garin. Akwai masu koyo a majami'un Sabon Tasha da Narayi da Barnawa da Kakuri, akwai 'yan makarantar da ke shirin faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, akwai masu bin ƙungiyoyin kiɗan biki, akwai kuma masu burin shiga situdiyo. A yadda na lura, yawancinsu da ɗaya daga cikin ma'auni uku suke saye: ko su ɗauki mafi araha, ko su ɗauki mafi kauri don kada ta karye da wuri, ko kuma su nemi irin wadda suka gani a hannun gwanin da suke sha'awa. Kowane ma'auni yana da hujjarsa, amma babu wanda ya taɓa ainihin aikin da sanda take yi wa mai koyo.

Aikin sanda shi ne ta dawo. Fatar ganga a ɗaure take tamau, saboda haka duk abin da ya faɗa mata sai ta tunkuɗo shi sama, kamar yadda ƙwallo ke tashi idan aka buga shi a siminti. Gwanin makaɗi yana jefa kan sandar ne ƙasa, ya bar ta ta yi tsalle ta dawo da kanta, yatsunsa su tare ta su sake jefawa. Da haka ne yake samun sauri ba tare da ya gaji ba, da haka ne kuma bugu ɗaya na wuyan hannu yake haifar da sauti biyu ko uku. Wurin riƙon da ke ba da wannan tsalle yana kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon sandar daga gindinta, tsakanin babban yatsa da manuniya ko yatsan tsakiya. Shekarar farko ta mai koyo kusan dukanta a kan gane wannan dawowa take ƙarewa, kuma sandar da ta dace da shi ita ce wadda za ta bar shi ya ji ta a tafin hannunsa. Idan ta yi masa nauyi, zai ƙanƙame ta don kada ta suɓuce, ƙanƙamewar kuma ta kashe tsallen. Idan ta yi masa shafal, ba zai ji motsinta ba, sai ya koma yana tura ta da ƙarfin damtse. Ta kowace hanya mummunan sabo ne yake shiga hannu, wanda cire shi ya fi koyon sabon abu wuya.

Lambobi da haruffan da ke jikin sanda gadon kamfanonin Amurka ne tun farkon ƙarni na 20. Harafin yana nuna irin aikin da aka yi ta dominsa a wancan zamani: B ta masu badujala ce, wato ƙungiyoyin da ke da kayan busa na tagulla masu ƙara, S ta masu fareti a titi ce, A kuma ta masu kiɗa a cikin zaure ce, inda ake son sauti mai laushi. Lambar ita ce ke rikita mutane, domin a juye take tafiya: gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon kaurin sanda. Saboda haka 7A ta fi 5A siranta, 2B kuma ta fi 5B kauri. A ma'aunin kamfanin Vic Firth, 7A tana da tsawon inci 15 da rabi da kaurin da ya kai kusan milimita 13.7, 5A tana da inci 16, wato santimita 40 da ɗoriya, da kaurin milimita 14.4; 5B tsawonsu ɗaya da 5A amma kaurinta ya haura milimita 15 kaɗan; 2B kuma ta kai milimita 16, tsawonta inci 16 da kwata.

Mai karatu zai iya cewa bambancin da bai kai milimita ɗaya ba tsakanin 5A da 5B ai ba abin tsayawa a kai ba ne. A ido haka ne. Amma nauyin ice yana ƙaruwa ne da faɗin jikinsa gaba ɗaya, don haka ɗan ƙarin kaurin nan yana ƙara wa sandar kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, kuma hannun da zai ɗaga ta sau dubbai a zama ɗaya yana jin wannan ƙari sarai. Ya kamata kuma a san cewa babu wata hukuma da ta tsayar da waɗannan ma'aunai. 5A ta Vic Firth da ta Promark da ta Vater 'yan'uwa ne, amma ba tagwaye ba ne. Wata ta ɗan fi siranta, wata wuyanta ya fi tsawo, wata kanta dabam. Lambar tana kai mutum unguwa ne kawai, gano gidan kuwa sai ya riƙe da hannunsa.

Ra'ayina shi ne babban mutum ko matashin da hannunsa ya gama girma ya fara da 5A. Dalilin ba wai ta fi sauran kyau ba ne. Dalilin shi ne tana tsakiya, nauyinta a kewayen giram 50 yake, tana yin waƙar sujada mai sanyi tana kuma yin kiɗan biki, sannan ita aka fi samu a kasuwa, ta yadda idan ta karye za a iya maye gurbinta da irinta. Wannan batu na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai koyon da ya riƙe 7A a wannan mako, 5B ta aro a mako mai zuwa, hannunsa ba ya samun mudun da zai auna komai da shi. Idan ya zauna a kan sanda iri ɗaya na wasu watanni, zai iya faɗa da bakinsa cewa yana son wadda ta ɗan fi nauyi ko wadda ta ɗan fi tsawo, kuma maganar tasa ta zama da ma'ana. Yaro ɗan shekara 8 ko 10 kuwa, da duk mai ƙaramin tafin hannu, 7A ta fi musu, kuma babu abin kunya a ciki, domin manyan makaɗan jaz da yawa da siraran sanduna suke kiɗa.

Akwai malamai masu koyarwa da suke ganin akasin haka, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa a ba mai koyo 2B ya yi ta atisaye da ita a kan faifan roba, domin sanda mai nauyi tana yin tsalle a fili, nauyinta ne ke yin aikin, mai koyo kuma yana saurin gane cewa ba sai ya yi dambe da ganga ba. Na yarda da wannan a inda akwai malami a zaune yana kallon yatsu, yana cewa a sassauta duk lokacin da aka ƙanƙame. Sai dai mafi yawan masu koyo a Kaduna ba haka suke koyo ba. Suna samun ganga ne bayan an tashi daga sujada ko an gama atisayen manya, su yi minti talatin su kaɗai, sauran mako kuma su yi ta bugun matashin kai ko benci a gida. Wanda ba shi da mai gyara masa riƙo, sanda mai nauyi ciwon wuyan hannu da kanta a yatsu take jawo masa kafin ta koya masa komai.

Sai batun ice. Mafi yawan sandunan kirki da hikori ake yin su, wani ice da ke fitowa a gabashin Amurka ta Arewa, wanda tun da daɗewa suke yin ƙotar gatari da ta guduma da shi saboda yana shanye girgizar bugu. Manomin da ya taɓa sara da gatari mai mugunyar ƙota ya san yadda girgiza ke bi ta hannu har gwiwar hannu, kuma abin da ake gudu ke nan a sandar kiɗa. Icen mefil ya fi hikori sauƙin nauyi, don haka yana ba mutum sanda mai cika hannu amma marar nauyi, sai dai yana saurin cinyewa. Icen ok na Japan, wanda Promark ke rubuta wa Shira Kashi, ya fi su tauri da nauyi, yana daɗewa, amma yana mayar da girgiza hannu fiye da hikori. Akwai kuma na ƙarfen alminiyom da aka sa wa rigar roba, irin na kamfanin Ahead, waɗanda tsadarsu kaɗai ta isa ta fitar da su daga lissafin mai koyo. Hikori ne zaɓin da ba a nadama a kansa.

Wasu kan tambaya ko masu injin juya katako na gida ba za su iya yin sanda ba, tunda ga itatuwa masu tauri a ƙasar nan. Suna iyawa, kuma na ga waɗanda aka yi da kyau. Matsalar ba ta hannun mai sana'ar ba ce, ta busar da icen ce da zaɓensa. Kamfanonin da suka ƙware suna busar da ice a ɗakin zafi har danshinsa ya sauka daidai, suna zaɓar wanda jijiyarsa ta miƙe daga gindi zuwa kai, sannan su auna nauyi. Icen da aka yanka daga ragowar katakon kujera, jijiyarsa na iya ratsa sandar a karkace, kuma ta nan take tsagewa a bugu na farko mai ƙarfi. Don bugun benci a gida irin wannan ta wadatar, muddin nauyin biyun ya zo kusa.

Kan sanda shi ne ke taɓa ganga, shi ya sa siffarsa take canza sauti, musamman a kan faifan tagullar nan da ake kira simbal. Ƙaramin kai mai kama da ƙwallo yana taɓa wuri kaɗan, sai ya fitar da sauti siriri mai tsabta. Kai mai tsawo kamar ƙwai ko ɗigon ruwa yana kwanciya a wuri mai faɗi, sautinsa ya fi cika, ya kuma fi kauri. Mai kama da gangar mai yana da ƙara da nauyin bugu. Gaskiyar magana ita ce kunnen mai koyo ba ya rarrabe waɗannan a watannin farko, saboda haka bai kamata ya ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ya fi shafarsa shi ne zaɓi tsakanin kan ice da kan nailan. Wani makaɗi ɗan Amurka, Joe Calato, shi ne ya fito da kan nailan a 1958 a ƙarƙashin sunan Regal Tip, saboda ya gaji da yadda kan ice ke ɓarewa alhali jikin sandar lafiyarsa ƙalau. Nailan ba ya ɓarewa, yana sa simbal ya yi ƙara mai haske, amma a sandar da ba a yi da kyau ba yakan fizge ya tashi sama a tsakiyar kiɗa, ya bar tsinin ice tsirara, wanda ke huda fata. Kan ice ya fi daɗin sauti a kunnena, kuma idan ya fara lalacewa ana gani da ido tun kafin ya yi ɓarna.

Wuyan sanda, wato inda take sirancewa daga kafaɗa zuwa kai, mutane kaɗan ne ke dubawa, alhali shi ke raba sanduna biyu masu lamba ɗaya. Dogon wuya yana mayar da nauyi wajen hannu, sandar ta yi saurin dawowa, amma ta fi saurin karyewa. Gajeren wuya yana tara nauyi a gaba, bugu ya yi ƙarfi, tsalle ya ragu. Matsakaicin wuya irin na 5A da aka saba ya ishi mai koyo.

Ɗakin da za a yi kiɗa a ciki ma yana da bakin magana. Ƙananan majami'u da zaurukan biki da yawa a Kaduna rufin kwano ne da su, ƙasa tayil, bango siminti, babu labule ko silin da zai shanye ƙara. A irin wannan ɗaki 5B a hannun wanda bai iya sassauta bugu ba tana danne muryar mawaƙa, sai mai kula da na'urar sauti ya ƙara musu ƙara, mai jita shi ma ya ƙara tasa, a ƙarshe kowa ya tashi da kunne yana ƙugi. Sauka zuwa 7A yana rage matsalar, haka ma sandunan nan da ake ɗaure siraran tsinkayen ice wuri ɗaya kamar tsintsiya, waɗanda Promark ke sayarwa da sunan Hot Rods. Amma waɗannan na biyu ba sa tsalle kamar sanda, don haka kayan fita wasa ne, bai kamata a yi atisayen yau da kullum da su ba. Ɗan fareti kuwa lissafinsa dabam ne. Shi a fili yake kiɗa, kamar Dandalin Murtala, inda babu bangon da zai mayar da sauti, kuma sandunan da aka yi don wannan aiki kaurinsu kan kusanci milimita 18. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar sandar fareti a hau dram set da ita; simbal siriri ba ya jure ta, kuma kuɗin simbal ɗaya ya sayi sanduna masu yawa.

Wannan ya kawo mu kasuwa, inda shawara ke karo da aljihu. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, sandunan asali ma ba su tsira ba, kuma a ko'ina aka samu suna mai tsada sai an samu mai kwaikwayonsa. Ana samun sanduna da aka buga wa sunan manyan kamfanoni alhali ba su taɓa shiga masana'antarsu ba. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya sa sunan Vic Firth ya yi daraja tun farko shi ne mai sunan da kansa makaɗi ne a lokacin a babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Boston, ya fara sayar da sandunansa a 1963, kuma kamfanin ya yi suna wajen haɗa sanduna biyu-biyu da nauyinsu da amonsu suka dace. Jabu tana iya kwaikwayon rubutu da kwali, amma ba ta yin wannan wahala.

Sa'ar mai saye ita ce gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ya ɗora sandar a kan gilashin kanta ko wani shimfiɗaɗɗen tebur ya mirgina ta. Idan kanta yana rawa sama da ƙasa, a karkace take, ya ajiye. Ya riƙe kowace sako-sako kusa da kunne ya ƙwanƙwasa ta da farce, ko ya buga su ɗaya bayan ɗaya a kan abu guda. Idan ɗaya ta yi amo sama ɗaya ta yi ƙasa, taurinsu ba ɗaya ba ne, kuma za su sa hannunsa na hagu ya yi kamar ya fi na dama rauni ko da ba haka ba ne. Ya auna su a tafin hannu, ya musanya, ya sake aunawa. Ya bi layukan icen da ido, ya tabbatar sun miƙe tare da tsawon sandar, babu kulli, babu tsaga a wuya. Sanda marar suna da ta ci waɗannan gwaje-gwaje ta fi mai babban suna da ta faɗi, kuma mai shagon da ya hana a cire ta daga kwali a gwada ya riga ya ba da amsa. Wanda kuɗinsa ya kai, ya sayi biyu-biyu har kashi biyu iri ɗaya, don idan ɗaya ta karye ya samu abokiyar haɗa ragowar.

Yanayin garin ma yana taɓa ice. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana tsotse danshi, ice ya bushe ya yi saurin tsagewa, tafin hannu kuma ya yi santsi har sanda mai sheƙin fenti ta riƙa zamewa. Da bazara gumi ne ke kawo santsin, da damina kuma danshi yana iya karkatar da sandar da aka jingine a lungu. Maganin bai wuce a kwantar da su a jaka ba, nesa da rana da bayan mota mai zafi. Idan santsi ya dami mutum, ya ɗan goge wurin riƙon da takarda mai yashi marar kaushi, maimakon ya ƙara ƙanƙamewa.

Tsohuwar sanda kuwa tana ba da labarin mai ita. Na taɓa zama a wajen wani atisaye a kudancin garin, wani matashi ya zo yana ƙorafi wurin dattijon da ke koya musu, ya ce, "Baba, sandunan yanzu duk jabu ne, wannan ce ta uku a wata ɗaya." Dattijon ya karɓa ya juya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, zo ka zauna ka buga in gani." Ashe kujerar ta yi ƙasa, faifan hai-hat kuma, wato tagwayen simbal ɗin da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, ya yi sama, don haka duk bugu kafaɗar sandar ce ke saran gefen tagullar kamar ana faskare. Aka ɗaga kujera, aka sauke faifan, aka ɗan karkato simbal ɗin wajensa don sanda ta riƙa shafar fuskarsa maimakon bakinsa. Cinyewa a kafaɗa, idan ta yi yawa, alamar wannan matsala ce. Ƙananan tabo a tsakiyar jiki na bugun bakin ƙarfen ganga ne, kuma babu laifi a cikinsu idan da gangan ake yin bugun. Tsaga mai bin tsawon ice laifin icen ne. Ramuka a fatar ganga, wadda yanzu ta roba ce tun da kamfanin Remo ya yaɗa irinta a 1957, suna nuna ana danna kan sandar cikin fata maimakon a bar ta ta tashi, ko kuma kan ya ɓare ba a lura ba. Sandar da ta tsage a ciki ana gane ta tun kafin ta rabu biyu, domin amonta yana mutuwa, tana kuma yin wata 'yar girgiza a yatsu. Irin wannan a cire ta daga jakar fita wasa a mayar da ita bugun benci a gida.